Matata Ta Hana Ni Fita Rana Don Ta Tsare Raina

Assalamu alaikum Malama Nuriyya. Don Allah ki taimake ni da shawara, al'amarin ya cushe min, kuma ba ni da wanda zan buɗe wa cikina ban ji kunya ba.

Ni haifaffen Tambuwal ne, shekaruna talatin da takwas, amma aiki ya zaunar da ni Kebbe. Ina da mata ɗaya, Zulfa, da 'ya'ya fuɗu, ina kuma da 'yar gonar albasa a fadama wadda nika zuwa kullum da safe kafin ofis.

Shekara biyu da sunka wuce, daidai shigowar bazara, wani abu ya same ni. Barci ya ɗauke min, amma ban jin gajiya ko kaɗan. Rana ɗaya na hau babur na je Dogon Daji, na wuce Jabo, na dawo, ina tara manoma ina gaya musu zan haɗa su ƙungiyar da za ta ciyar da jihar nan dukanta. Na yi magana har muryata ta dishe. Awakin Zulfa ma na raba wa mutane kyauta, ba ta sani ba. Bayan kamar sati uku sai na faɗo ƙasa warwas. Wata biyu na yi cikin ɗaki, ko sallama anka yi sai in ji kamar an ɗora min dutse. A nan ne, Malama, zuciyata ta fara raya min cewa iyalina za su fi hutawa in ba ni duniya. Allah Ya yafe min. Wata safiya na daure na gaya wa Zulfa. Ba ta yi kuka gabana ba, ta dai kira yayana Namadi daga Tambuwal, sunka kai ni asibitin ƙwaƙwalwa can Sakkwato. Likita ya ce sunan ciwon baifola, shi ne ke ɗaga mutum sama ya kuma sako shi ƙasa. Anka ɗora ni kan magani. Alhamdu lillahi, shekara ɗaya da rabi ke nan ina lafiya, na koma aiki, na koma gona.

To, watan jiya ƙanwar Zulfa ta turo mata wata murya a waya, wani shina bayani wai an yi bincike an gano hasken rana na sa masu irin ciwona su kashe kansu. Zulfa ta lissafa ta ga lallai da bazara abin ya fara min. Tun ranar ta ɓoye makullin babur ɗina. Ta sa labule mai kauri a taga. Gonar kuwa, Zulfa ta roƙi maƙwabcinmu Ɗangiwa ya riƙa ba ta ruwa. Ofis ma sai abokin aiki ya ɗauke ni ya maido ni, ina naɗe da rawani kamar mai ciwon ido. In na yi magana sai ta ce ita ta san abin da kunnenta ya ji waccan safiya, ba ta son ta sake jin shi. Me zan ce mata? Matar da ta riƙe ni lokacin da ni kaina na saki kaina.

Namadi kuwa da ya zo ya gan ni a haka, faɗa ya hau yi. Ya ce zaman ɗaki ne zai kashe ni, in watsar da ƙwayoyin nan in ɗauki fartanya, gumi shi ne maganin ɗa namiji. Shi da Zulfa yanzu gaisuwa ce kawai tsakaninsu.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, sati uku ke nan da wannan zaman, kuma nauyin nan ya fara dawowa. Abinci ba ya min daɗi. Shekaranjiya tunanin nan ya gifta min sau ɗaya, na yi ta'awizi ya wuce. Ina tsoron in na faɗa wa Zulfa ta ƙara kulle ni, in na faɗa wa Namadi ya raba ni da magani. Ga bazara ta ƙarato. Malama, da gaske rana abokiyar gabata ce? Ni manomi ne ɗan manomi, in an raba ni da rana ina zan sa kaina?

Naki, Mai Albasa, daga Kebbe.

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam Mai Albasa. Allah Ya ƙara maka lafiya. Ka yi jarumta da ka rubuto, kuma zan fara da abin da ba ya jira.

Tunanin da ya gifta maka shekaranjiya, ka gaya wa Zulfa yau. Kada ka jira ranar da aka rubuta maka a katin asibiti, ku shirya ku ga likitanka cikin satin nan. Idan tunanin ya dawo ya ƙi tafiya, a ranar za ku kama hanya, kuma kada ka zauna kai kaɗai. Kafin nan, maganin feshin gona da duk wani abu mai haɗari a fitar da shi daga gidan, Ɗangiwa ya adana, maganinka kuma ya zauna a hannun Zulfa. Wannan tunani alamar ciwo ce, kamar yadda zazzaɓi yake alama. Ba shi ne kai ba, kuma ba ya nuna raunin imaninka.

Batun rana kuwa, na kai wasiƙarka wurin wata likitar ƙwaƙwalwa, ba tare da suna ba. Ta ce maganar tana da tushe, amma an yanke mata kai da ƙafa. Abin da wasu masu bincike suka lura da shi ya fi shafar ƙasashen da rana kan yi ƙaranci wata da watanni, sannan ta dawo da ƙarfi, har agogon jikin mutum ya rikice. Ko a can ɗin ma alaƙa aka gani, ba a ce rana ce ke kisa ba. Mu nan tsawon yininmu ba ya sauyawa sosai. Abin da ya fi tayar da ciwon shi ne lalacewar barci, da barin magani, da rushewar tsarin yini. Zaman duhu da kaɗaici kuwa suna iya jawo nauyin da kake ji yanzu.

Saboda haka Zulfa tana da gaskiya ta wani gefe. Ta lura da lokacin da ciwonka ke motsi, kuma wannan ilimi ne da likita zai so ya ji. Zafin bazara yana hana barci, yana kuma busar da jiki, wasu magungunan ciwon nan kuwa ba sa shiri da ƙishirwa. Inda ta kuskure shi ne kulle ka. Namadi ma ya yi daidai da ya ce ka koma gona, amma maganarsa ta watsar da magani kada ka ko saurare ta. Shekara ɗaya da rabi na lafiyarka shaida ce.

Ga abin da za ka kai wa likita ya duba. Ka fita gona da sanyin safiya ka dawo kafin rana ta take, da gorar ruwa a hannu. Ka tsayar da lokacin kwanciya da na tashi, kada su motsa ko da biki ake yi. Ku yi yarjejeniya da Zulfa: idan ta ga kwana biyu barcinka ya ragu, ko maganarka ta yi yawa, ko ka daina cin abinci, za ku tafi asibiti ba gardama. Wanda aka ba aikin yi, tsoronsa yakan ragu. Kafin azumi ma ka tambayi yadda za ka yi da magani.

Ranar zuwa asibitin, ka tafi da su biyun, su ji daga bakin likita. Mutum biyu ne masu ƙaunarka da kowannensu ya riƙe rabin gaskiya, kuma ba kowane majinyaci ke da ko ɗaya ba. Mutane da yawa masu wannan ciwo suna aikinsu, suna aurar da 'ya'yansu, suna tsufa cikin mutunci. Ina kyautata zaton kana cikinsu.

Allah Ya ba ka lafiya mai ɗorewa, Ya saka wa Zulfa da alheri, Ya daidaita tsakaninta da yayanka. Ka tashi yanzu ka kira ta, ku zauna.

Taku, Malama Nuriyya.