Inna, Mai Gaida Bakan Gizo

Zuwa ga mahaifiyata, Inna, wadda ke kwance a maƙabartar asibitin kutare, nesa da kabarin mijinta.

Assalamu alaiki. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwa, da durƙuso har ƙasa ko da yake gwiwoyin sun daina yarda, ni ce Kulu. Na tsufa, Inna, na girme ki yanzu nesa ba kusa ba. Jikata ke riƙe da alƙalami, ni ke faɗa, kuma na ce mata kada ta naɗe takardar, duk mai son karantawa ya karanta.

Ina ƙarama aka ga tabo a bayanki. Zamanin Turawa ne, aka ce En'e ta ba da umurni a kai duk mai wannan ciwo wurin 'yan mishan. Baba ya ɗora ki a jaki daga ƙauyenmu na ƙasar Goronyo har Wurno, inda mota ke kwasar marasa lafiya. Kin daɗe can har Baba ya rasu ba ki nan, gida ya koma hannun ƙanensa Baffa Ɗan'ige, ni kuma aka yi mini aure a Rabah.

Shekarar da aka sallame ki da shaidar kin warke, ita ce shekarar da na zo gida goyon cikin fari. Yatsunki na hagu sun guntule, amma kin ce na dama sun isa riƙe ganyen wanka. Kin tara itacen jego a bayan ɗaki tun cikina bai tsufa ba. Ba abin da nake so a duniya lokacin irin ki zauna, ki karɓi abin da zan haifa, ki yi mini wanka da hannunki.

Ba ki dawo da addinin kowa ba. Sallarki na nan, tasbaharki na nan, kina ja da babban yatsa. Labari ɗaya kawai kika dawo da shi, wanda wata Baturiya mai wanke muku raunuka ke ba ku da Hausarta mai tuntuɓe. Ta ce Yahudawa da Kiristoci duk sun riƙe shi. Wai da Annabi Nuhu ya fito daga jirgi, ya ga duniya ba kowa sai laka, Allah ya yi magana da shi, ya ɗaukar masa alkawari shi da zuriyarsa, har da dabbobi da tsuntsaye, cewa ba zai sake shafe duniya da ruwa ba. Sai ya sa bakan gizo a cikin girgije ya zama shaida.

Na san dalilin da labarin ya shige ki, ko da ba ki taɓa faɗa a fili ba. Yaya Mamman, ɗanki na fari, gulbin Rima ya ci shi shekarar da ruwa ya haye fadama, tun ba a haife ni ba. Ɗan fari ne, ba ki da damar kiran sunansa, ba ki da damar kuka gaban mutane. Goggo, 'yar'uwar Baba, ta ce ranar da aka tsamo shi daka kika ci gaba da yi. Shekaru kina haɗiye wannan, sai ga wata baƙuwa ta ce miki Mai sama da kansa ya dubi abin da ruwa ya yi, har ya yi magana a kai. Kin ce mini, "Kulu, ashe an gani. Ni cewa nikai ba wanda yag gani."

To amma kin manta da mutanenmu, ko kuwa kin yi kamar kin manta. A wurinmu bakan gizo mashayin ruwa ne. Hadari ya haɗu, manomi ya fara murna, da ya fito sai a ce shi ke nan, ya shanye. Muna yara ko nuna shi da yatsa ba a bari mu yi.

Daminar nan kuwa ta zo da gardama. An yi shuka ta ƙone, an sake. Gero ya tsaya iya gwiwa yana naɗe ganye. An fita roƙon ruwa, tsofaffi da yara da awaki duk a fili. Ran nan da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso, mata suka fito da tukwane. Aka ɗan yayyafa, sai ga shi ya miƙe daga gulbi har bayan gari, hadarin kuma ya watse.

Mata suka fara kwashe tukwanensu. Ke kuwa kina bakin rijiya, gaban kowa, kika ɗaga hannuwanki sama, fuskarki cike da fara'a, kika ce, "Marhabin da shaidar alkawali." Wayyo Inna! Da kin bari kin shiga ɗaki mana.

Kafin magariba magana ta gama gari. Wai Nasara sun koya miki kiran mashayin ruwa, wai tun da kika dawo sama ta ƙi. Mutanen da suka sha furarki shekara da shekaru su ne suka cika zauren Baffa. Ba na ce miyagu ba ne. Rumbunansu sun kusa ƙasa, tsoro ya kama su, suna neman wanda za su ɗora wa.

Liman ya yi iya nasa. Ya ce Annabi Nuhu namu ne, ruwan Ɗufana gaskiya ne, zancen bakan gizo kuwa bai same shi a karatunsa ba, don haka ba ya gaskata shi, ba ya kuma ƙaryata shi. Ya ce ruwa na hannun Allah, ba ya hannun tsohuwa. Aka saurare shi da ladabi, aka fito aka ci gaba da abin da aka yi niyya.

Baffa bai iya haɗa ido da ke ba. Ya ce ki ɗan koma can asibitin ki huta har ƙura ta lafa. Na kama ƙafarsa da cikina a gaba, na ce a bari ko in haihu. Ke ce kika ɗaga ni. Abin da kika ce kawai, "Mi niy yi musu? Gaisuwa dai niy yi." Kika nuna wa Goggo inda itacen yake, kika hau jaki.

Da itacenki aka dafa ruwan wankana, amma hannun Goggo ne ya yi. Na haifi mace, aka sa mata sunanki. Ruwa kuwa ya dawo don kansa, aka sami dawa da wake har aka manta an yi kuka.

Da kaka Baffa ya ce in je in taho da ke. Na goya jaririya, mijina Garba ya raka ni. Na same ki a gindin bishiyar bedi kina tsinkar wa wata makauniya zogale. Kin karɓi takwararki, kin shinshina kanta. Na ce ki ɗaure kayanki. Kika ce, "Hwaɗa ma Baffanki shi yi min alkawali. In damana ta sake ƙi, ba a sake aza ni bisa jaki. Shi hwaɗi gaban liman, in taho."

Garba ya ce ga ɗaki a Rabah, shi ya ɗauki wannan alkawari tun yanzu. Kika ja mayafi kika rufe fuska, kika ce ba ki zama gidan suruki ko duniya za ta tashi. Taurin kanki, Inna, ni na gade shi, jikokina na shan fama.

Na kai wa Baffa saƙonki ina murna, don a ganina abu ne mai sauƙi. Ya daɗe yana tonon ƙasa da tsinke. Sannan ya ce, "Mu ga damana mai zuwa tukun." Da ta zo ta yi kyau, ya ce a ga ta gaba. Ba ƙinki yake ba, tsoron zauren nan yake, kada ya faɗi abin da ba zai iya riƙewa ba. Kowace kaka ina zuwa miki da amsa iri ɗaya, ke kuma kina gyaɗa kai, kina tambayata ko yarinya ta fara tafiya, ko ta fara magana.

Zuwana na ƙarshe ɗakinki na tarar da wata a ciki. Matan wurin suka ce su suka yi miki wanka, masu yatsu suka taimaki marasa yatsu, mazansu suka yi miki salla. Suka ce kayanki a ɗaure suke a ƙarƙashin gado, tun ranar da na fara zuwa da jaririya ba ki kwance su ba. Ashe kullum a shirye kike, kalmar kawai kike jira. Wannan ya fi mutuwar taki yi mini ciwo, har yau.

Allah ya jiƙan ki, Inna. Ya haskaka kabarinki, ya haɗa ki da Yaya Mamman inda za ki kira sunansa da ƙarfi ba mai jin kunya. Ya gafarta wa Baba, ya gafarta wa Baffa da mutanen zaure. Ya saukar da ke gidan da ba a cewa kowa ya ɗan koma tukuna. Amin.

Ɗiyarki,
Kulu, daga Rabah.