Ƙabar Abokina Direba

Zuwa ga Auta,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, ya aikin asibiti? Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna, shekara biyu ko "ina kwana" ba ta haɗa mu ba. To, ba rigima na zo tayarwa ba, tambaya ce ta kawo ni.

Wani abokina direba ne ƙaba ta dame shi. Likita ya ce masa aikin iri biyu ne, ko a yanka, ko a huda ciki a yi da na'ura. Tunda kai kullum kana tura gadon marasa lafiya zuwa ɗakin tiyata, ai ka zama rabin likita. Wanne ne ba ya barin tabo, mutum ya tashi da wuri ba tare da gida sun farga ba? Mutumin akwai kunya, shi ya sa ya aiko ni.

Sana'armu ta kwashe kayan masu ƙaura tana nan yadda ka bar ta, sai dai yanzu ma'aikata biyu na ɗauka a madadinka, su biyun ma ba su kai ka ba. Matata tana gaishe ka.

Yayanka.

Yaya,

Na amsa sallama, na gode da gaisuwa. Ni ba likita ba ne, amma ga abin da nake gani.

A aikin huda, ƙofa uku ƙanana ake yi a ciki, a hura iska, a zura kyamara, a shimfiɗa raga ta toshe wurin daga ciki. Dole sai an sa mutum barci gaba ɗaya. Ciwon bayan aiki bai cika yawa ba, kuma ana saurin miƙewa. Na yanka kuwa a matsematsi ake tsagawa, kamar tsawon ɗan yatsa, shi ma raga ake sawa, kuma ana iya kashe wurin kawai mutum yana ji yana gani. Duka biyun suna riƙewa in hannu mai kyau ya yi. Amma ba kamar zaɓen riga ba ne, likita ne zai duba girman abin da ƙarfin ƙirjin mutum.

Yanzu ni ma ina da tambaya. Direban nan naka, ba shi ne in zai yi tari yake cusa hannu a aljihun dama ba? Ba shi ne ya daina ɗaukar ƙasan kaya a matakala ya koma sama yana ba da umarni ba? Da na karanta wasiƙarka sai da na zauna, don sai yanzu na haɗa lissafin abin da na yi shekaru ina gani. Haba Yaya! Shekara nawa ke nan?

Ƙaninka.

Auta,

Sallama. Kwana tara takardarka tana aljihuna, na kasa amsawa. Shekara biyar ne. Babu wani direba.

Ka san dokar aikinmu, babba ne a ƙasa, don nauyi a kansa yake sauka. Tun muna samari ban taɓa barin ka a ƙasa ba sai da abin nan ya fito mini. Na yanki igiyar ɗaure kaya mai faɗi, na ɗinka mata tsumma, na riƙa ɗaure mara da ita kullum da safe a banɗaki. Na ce muku idona ya fi amfani a sama. Ƙarya nake, tsoro nake ji, kuma na kasa buɗe baki in ce ni, da ake kira in an ga kaya ya gagara, ƙaba ce ta kama ni. Ka san yadda ake mayar da mai ita abin dariya a tasha.

Ranar babban firijin nan na hawa na uku ba ta barin raina. Kai kaɗai a ƙasa, ni ina sama riƙe da gefensa kamar mai riƙe faranti. Da muka kai ka zauna a matakala ka dafe ciki, na ce maka rago a gaban mai gidan da iyalinsa. Wallahi da na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na koma wurin likita na ce na huda nake so. Ya duba ni, ya ce abin ya yi girma ya sauka ƙasa sosai, ga ƙirjina da sigari ta cinye, ba ya son sa ni dogon barci. Yanka zai yi, kuma sati shida ko bokitin ruwa ba zan ɗaga ba. Yaya zan ɓoye sati shida? Matata har yau ciwon baya ta sani. Ina ganin zan ci gaba da igiyata kawai, ai ta kawo ni yau. Ka rufa mini asiri.

Yayanka.

Yaya,

Sallama. Zan rubuta da zafi, ka yi haƙuri, in na jira na huce ba zan faɗa ba.

Ranar firijin ba ragwanci ya zaunar da ni ba. A hawa na biyu na ji wani abu ya ɓalle mini a mara. Da na je gida na ga kumburi kamar ƙwai. Ni ma na yi shiru, don wanda ya ce mini rago a kan na zauna, me zai ce in ya ji wannan? Na tattara na bar garin, na bari kuna cewa zuciya na yi.

Wata biyu bayan nan abin ya maƙale ya ƙi komawa. Ina amai, ciki ya kumbura, maƙwabci ne ya kwashe ni zuwa asibiti. Babu wanda ya tambaye ni na huda nake so ko na yanka. Tsaga ni suka yi a gaggauce, har suka yanke wani yanki na hanjina da ya mutu. Da suka ce wa za a kira, na ce ba ni da kowa. Kwana goma sha ɗaya na yi a gadon nan ni kaɗai, a nan ma na samu aikin da nake yi.

Ban gaya maka don ka ji ciwo ba, ko da yake ba zan ɓoye ba, har yanzu akwai haushi a raina. Da ka ce mini "Auta, ba ni da lafiya", da mun nemi mutum na uku, shi ke nan. Ni ma ina jin kunyar tawa ƙaryar, don da na faɗa da tuni ka je an duba ka.

Igiyarka ba ta warkar da komai. Ka je a yanka ka kana tafe da ƙafarka, kada a kai ka a kwance irina. Tabon ba wanda zai gani sai matarka, ita kuwa ta cancanci ta sani tun kafin a yi shi. Ka gaishe ta.

Ƙaninka.

Auta,

Sallama. Sau ɗaya na karanta wasiƙarka, na kasa maimaitawa. Ni na jawo maka wannan, kuma kana kwance can ina nan ina ce wa mutane girman kai ne ya kore ka. Ka yafe mini, in za ka iya.

Na gaya wa matata jiya bayan la'asar. Ta ce "shekara biyar?", sai ta tashi ta ɗauko jaka ta fara haɗa mini kaya tana share hawaye. Ma'aikatan ma na gaya musu da bakina, ba wanda ya yi dariya.

Talata ne, ƙarfe takwas na safe, yanka za a yi. Ba ni da bakin da zan ce ka zo. Ɗakin maza ne, gado na huɗu daga ƙofa.

Yayanka.