Tayyiba Ta Dawo daga Kigali

Limancin Kona, Zariya
Farkon Rajab

Aminina Alhaji Jumare,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Hajiya Batul da yara. Yaya ruwan Fatakwal, yaya kuma ƙafar taka? Mu nan sai godiya. Iya tana gaishe ka, ta ce ka manta hanyar gida.

Na gwammace in rubuto ne don in na kira ka a waya kai kake cinye zancen. Labari biyu gare ni. Na farko, gidana na Tudun Jukun ya kammala. Ka san ni, ko bulo ɗaya ban gada ba. Daga aji uku na sakandare na faɗa shagon walda, yau ga shi duk sabon gidan da ka gani a Zariya da tagar alminiyam mai kyau, ka tambaya, daga shagona ta fito. Katanga, babban get, famfo a kowane ɗaki. Kafin azumi za mu tashi in Allah Ya yarda. Iya dai ta ce ba inda za ta, a ɗakin da aka kawo ta amarya za a ɗauki gawarta. Na yi lallashi har na gaji. Yayyena da matansu suna nan, ba za ta rasa mai miƙa mata ruwa ba, da wannan nake kwantar da hankalina.

Na biyu, 'yarka Tayyiba. Makarantarsu ta zaɓe ta cikin waɗanda za su je gasar muhawara a Kigali, ƙasar Ruwanda. Ni da Turancina bai wuce na ciniki ba, ga 'yata za ta hau jirgi ta je ta yi gardama da 'ya'yan wasu ƙasashe. Ranar da aka kawo fasfo ɗinta sai da na kai shi shago kowa ya gani.

Gaskiya rabin ginin nan dominta na yi. Ka san gidanmu. Kullum da safe kafin ta tafi makaranta sai ta bi sashe-sashe ta durƙusa: Iya, Baffa Malam, Gwaggo Nana, matan baffanninta ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo Nana kuwa ba ta sallamar mutum sai ta ji abin da ya ci jiya. Yarinya ta sha makara, ta sha kuka. Ba wurin karatu, in ta ajiye littafi ƙannenta na ɗakuna sun mayar da shi jirgin takarda. Ta taɓa ce mini gidan nan kasuwa ce aka yi wa rufi. Shi ya sa na ware mata ɗaki a sabon gida, da tebur, da ƙofa mai makulli.

Ka sa ta a addu'a. A gaida kowa da kowa.

Naka,
Labaran

Limancin Kona, Zariya
Farkon Sha'aban

Aminina Jumare,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, kuma ciwon ƙafa ya yi sauƙi. Na gode da saƙon da ka aiko wa Tayyiba, ta karɓa.

Ta dawo lafiya. Na biyu suka zo, kuma malamarsu ta ce da Tayyiba ta miƙe ta yi magana sai da alƙalan suka ajiye biro. Amma ba wannan ya sa na ɗauki takarda ba. Raina a dagule yake, kuma ba wanda zan faɗa wa sai kai.

Na zaci za ta cika mu da labarin jirgi da tsabtar titi. Ta ɗan taɓa, ta ce garin duk tuddai ne, ko leda ba ka gani a ƙasa. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Sai a hankali, a bakin mahaifiyarta, na tsinci sauran.

An sauke ta a gidan wasu Musulmi a unguwar Nyamirambo, suna da 'ya sa'arta mai suna Hidaya. Washegari da safe, ka san abin da jiki ya saba, Tayyiba ta durƙusa ta gaida matar gidan, ta gaida maigidan, sannan ta tambaya a nuna mata ɗakunan sauran manya ta je ta gaishe su. Matar ta tashi ta shiga kicin. Daga baya Hidaya ta yi mata bayani. Kisan da aka yi a ƙasar a 1994 ya tafi da iyayen baban Hidaya da 'yan'uwansa duka, shi kaɗai ya tsira yana yaro. Mahaifiyarta ma haka. Yarinyar nan tun da aka haife ta ba ta taɓa kiran wani kaka ba, ba gwaggo, ba kawu. Gidan nan shi ne danginsu gaba ɗaya.

Hidaya ta roƙe ta ta faɗa mata mutanen gidanmu. Tayyiba ta yi ta jero suna har bakinta ya gaji, ita kuwa tana cewa a ƙara. Can Hidaya ta tambaye ta wai me mutum yake yi da kaka. Tayyiba ta buɗe baki za ta fara ƙorafin da ta saba, ta kasa.

Tun da ta dawo ba a tashinta gaisuwa. Har zama take yi a ɗakin Gwaggo Nana ta faɗa mata abin da ta ci. To shekaranjiya ta same ni, ta durƙusa nesa kaɗan, ta yi mini godiya irin wadda ban taɓa ji daga bakin ɗa ba. Ta ambaci ƙunar walda da ke hannuna, ta ce ta san da ita aka yi ginin. Sannan ta nemi alfarma in bar ta a ɗakin Iya in mun tashi.

Jumare, na ji zafi. Na ce mata ban gina ɗaki don gizo-gizo ba, na tashi na bar ta a durƙushe. Me zan ce wa mutanen da na gayyata walimar shiga sabon gida, 'yar da na yi dominta ta ƙi shiga? Yau ko shago ban iya tsayawa ba.

Ka ba ni shawara. Gaisuwa ga Hajiya.

Naka,
Labaran

Tudun Jukun, Zariya
Ƙarshen Sha'aban

Aminina Jumare,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku da shirin azumi, Allah Ya kai mu da rai da lafiya. Amsarka ta iso. Ka ce in nuna mata ni ne uba. To ka yi haƙuri, wannan karon ban bi taka ba.

Abin da ya karya ni, wata rana da la'asar na shiga wurin Iya na tarar Tayyiba ta riƙe mata waya, ga fuskar Hidaya a ciki. Iya ba Turanci, yarinya ba Hausa, Tayyiba ce tafinta. Iya tana yi wa Hidaya faɗa wai ta rame, tana tambayar ko tana shafa mai a ƙafa, tana cewa in ta zo Zariya sai ta tsefe mata wannan kai da hannunta. Yarinyar tana dariya tana share ido. Da za su rabu Hidaya ta ce Iya, da bakinta, an koya mata. Na juya na fita zaure, don ban so a ga fuskata.

Na yi tunani. Ni na tura ta ta ga duniya, ta je ta gani, ta dawo da abin da ni da gemuna ban lura da shi ba. Ba ta raina ginina ba, ba ta ɗaga mini murya ba, kuma ba ta janye ba. Wannan taurin kan na san inda ta samo shi. Na kira ta na ce ta zauna da kakarta, Allah Ya yi mata albarka. A wurin walima duk wanda ya tambaya na ce masa Tayyiba tana cikin gari wurin Iya, kuma da ƙarfi na faɗa.

Mun tashi ranar Lahadi. Gida ya yi kyau, ba ƙarya. Amma washegari da na dawo masallaci na tsaya tsakar gida, ba tarin Baffa Malam, ba ƙarar turmi, ba wanda zan ce wa ina kwana sai maigadi. Na ɗauki mukullin mota na shiga gari. Na tarar Tayyiba a durƙushe ƙofar Iya da kayan makaranta, na tsaya a bayanta har ta gama. Iya ta dube ni sama da ƙasa, ta ce a shimfiɗa wa baƙon Tudun Jukun tabarma. Na ce ba na so. Na zauna a ƙasa kusa da 'yata, na gaida uwata.

In ka zo Sallah, da safe kada ka neme ni a sabon gida. A gaida Hajiya Batul da yara. Allah Ya bar zumunci.

Amininka,
Labaran