A Ba Maigidana Hutu Kafin a Gama Yankan Gero

Zuwa ga Kwamandan da maigidana ke aiki a ƙarƙashinsa a yankin Sabuwa,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, ya aiki, ya fama da daji? Ni ce Hafsatu daga Ƙanƙara, matar wani kofur ɗinka. Ba zan faɗi sunansa ba, kada a sa shi tsallen kwaɗo saboda bakina.

Na ɗaya. Shekararmu biyu da aure, kwanan da ya yi a gida bai cika arba'in ba. Daga Faskari aka wuce da shi Damari, inda sai ya hau tudu kafin waya ta shiga. Ban taɓa kai ƙara ba.

Na biyu. Ni mai tsokana ce, unguwarmu duk an sani. Na sha zuba masa gishiri a shayi, na sha ƙulle masa igiyoyin takalma, ya biyo ni tsakar gida yana dariya. Haka muke zamanmu. Bayan Babbar Salla kuka ba shi kwana huɗu. Da hantsi na ji sallamarsa, na laɓe bayan ƙofa, yana shigowa na gwara murafen tukunya biyu. Kafin in yi dariya ina ƙasa, gwiwarsa a ƙirjina, hannunsa a wuyana. Yana kallona, wallahi bai san ni ba. Da ya dawo hayyacinsa ya koma gindin randa ya zauna. Ko tuwon da na yi masa bai taɓa ba. Washegari ya ɗauki jakarsa, alhali saura kwana uku.

Na uku. Hannuna ya gurɗe, aka kai ni wurin mai ɗori, magana ta isa gidanmu. Baffana, wanda ya ba da aurena, ya ce duka ne. Na rantse masa ba duka ba ne, bai saurare ni ba. Ya ce in aka gama yankan gero mutumin bai zo ya yi bayani da bakinsa ba, sai gaban alƙali a raba. An fara yanka a gonakin bayan gari. Shi kuwa in na samu layinsa, lafiyar awaki yake tambaya ya kashe. Kunya ce, na sani. Na gaji da rantsuwa ni kaɗai.

Roƙona, ranka ya daɗe, a ba shi hutu na gaske, ko mako biyu, kafin a ɗaure dammunan ƙarshe. A samu likita ko malami ya zauna da shi, don abin da ya gani a dajin nan bai faɗa wa kowa ba. Kuma a gaya masa ban riƙe shi da komai ba. In ya zo, a tsakar gida zai same ni zaune, inda zai hango ni tun daga zaure.

Allah ya tsare ka da yaranka, ya maido kowa ɗakinsa da hankalinsa.

Wassalam.
Hafsatu, Ƙanƙara