Allo Biyu Na Ganin Baba

Illela ta Nijar, ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Abdulwahab,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Humaira da yara, Allah ya kare ku da sanyin ƙasar can. Mu nan alhamdulillahi. Inna tana fama da ƙafa kamar yadda ka sani, gero ya fara fitar da kai, ƙanenmu Mutari kuma ya dawo daga ci-rani.

Kayan da ka aiko sun iso: kwamfuta, allo biyu, da ƙaramin akwatin da ake haɗa su. Ka ce a sa ɗaya a zaure don Baba, ɗaya a cikin gida don Inna da mata, kowa ya riƙa ganinka kamar kana nan. Yaya, tun da suka iso ban huta ba. Ina tashi daga makarantar lakwal sai in zauna kansu. Na zaure ya kama, na cikin gida ya tsaya baƙi ƙirin. Na musanya wayoyin, sai baƙin ya koma zaure. Na kira ka, ka ce in kashe in kunna, kana cikin aiki. Na kashe, na kunna, har wuta ta ɗauke.

Daga baya na ɗauke su a mota zuwa Konni, wurin Rabo mai gyara. Ya duba ya ce akwatin yana son cajarsa daban, ba ya iya jan allo biyu da ƙarfin kwamfuta kawai, kuma doguwar wayar ta cikin gida ta karye daga ciki. Cajar ba ta cikin kwalin, ka manta da ita. Sai da ya aika Illela ta Najeriya aka samo irinta. Duk wannan zirga-zirga Baba yana tambayata ko yau ne zai ga ɗansa, ina ce masa sai gobe.

Ranar Juma'a da suka kama duka, kai ma ka gani. Baba ya sa babbar rigarsa ya zauna, ka yi ta murna kana ɗaga masa yara. Abin da ba ka gani ba shi ne bayan ka kashe. Baba ya ce da ni haske kawai ya gani yana motsi, har idonsa na ruwa. Ya tambaye ni ko ka yi ƙiba, ko ka yi furfura, yaron da ka ɗaga kuma da wa ya yi kama. Ni na zauna ina kwatanta masa kai. Likita ya riga ya faɗa mana tun bara cewa idon tafiya yake, na rubuta maka, ka amsa da cewa za ka aiko babban allo.

Ya roƙe ni kada in gaya maka, wai kada ranka ya ɓaci bayan ɗawainiyar da ka yi. Ni kuwa nawa ya riga ya ɓaci. Hannunsa yana gane mutum har yanzu. Ko jikokinsa na nan da shafa kai yake bambanta su. Naka yaran bai taɓa taɓa ko ɗaya ba. Kada ka sake aiko komai. Ka zo kafin girbi.

Inna tana gaishe ka, da Mutari da Gwaggo Kulu ta Tajaye. Ka gaida Humaira da yara.

Ƙanwarka,
Zalika