Ƙugiya Mai Gashin Zabo

Malanville, Lahadi

Zuwa ga matata Rauda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da abin da kike ɗauke da shi. Yaya nauyin jiki? Ƙafafun sun rage kumbura? Ki gaishe mini da Baba da Inna, ki ce ina godiya da ɗawainiyar da suke yi da ke. Tun da kinka tafi Guéné goyon ciki, gidan nan ya yi mini faɗi.

Na rubuto ta hannun Habibou mai kabu-kabu ne don salular Baba ce kaɗai a gidanku, maganar kuwa ba ta tsakar gida ba ce. Na fi son ki ji ta daga gare ni kafin matan kasuwa su kai miki ita da ƙari.

Kin san ƙugiyoyin nan da nake ɗaura wa gashin tsuntsu, waɗanda na koya lokacin da nake tuƙa baƙi masu fatsa a gandun daji, kafin baƙin su daina zuwa. Ba tana, ba dawo. Gashi ne da zare kawai, in an ja shi cikin ruwa sai shi yi kama da ƙaramar kawara mai gudu, giwan ruwa shi kai cafka. Bana Allah ya ba ni sa'a da su, alhali masu taru suna komowa da jirgi wayam. Ina ganin kallon da ake yi mini a bakin gulbi, ina kau da kai. Ni ɗan 'yan kasuwa ne, ba Basarke da ya gaji kamun kifi ba, kuma ba su taɓa mantawa da hakan ba.

Shekaranjiya dorina ta kife jirgin Dogo, Basarken nan da ke kafa taru ƙasa da gada. Shi ya fita lafiya, amma ƙanenshi Latifu ya karye a cinya, shina kwance likita. Da anka jawo tarun sai anka iske ƙugiyata maƙale a ciki, mai jan gashin zakara da baƙin zare. Wadda ta tsinke mini ce kwanakin baya a kan duwatsu. Rauda, ni kaina da na gan ta a tafin Dogo, a jiƙe, a cukurkuɗe, sai na ga kamar laya. Ya ɗaga ta sama shina zagaya mutane, shina cewa ga abin da na binne musu a ruwa na janye kifinsu, na kuma kira musu dorina.

Jiya na kamo giwan ruwa mai kyau na kai wurin mata masu saye. Ba wadda ta taya. Wadda ta saba saye gare ni ma ja da tasarta baya ta yi, don kada wutsiyarshi ta taɓa. Na komo da shi gida na kyafe.

Kada ki sa abin a rai, don Allah. In Habibou za shi komo, ki sa a tsinto mini gashin zabo a garken Baba, na ƙirji masu ƙananan ɗigo. Nawa sun ƙare.

Mijinki mai kewarki,
Abdulwasi'u


Malanville, Laraba

Rauda tawa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Takardarki ta iso tare da gashin, na gode. Kin ce za ki taso ki komo. Ban yarda ba. Hanyar nan da manyan motoci ba ta mai wata tara ba ce, kuma ba abin da za ki iya tare mini a nan.

Ranar Litinin na iske an yanke igiyar jirgina. Allah ya taimake ni ciyawa ta riƙe shi can ƙasa. Habibou ya matsa in tafi wurin jandarma. Na ƙi. Ko sun kama wani, ba su iya tilasta wa mace ta sayi kifina, ba su iya sa mutum shi amsa mini sallama.

Jiya Sarkin Ruwa ya kira mu ƙarƙashin giginyar mashaya. Mutane sun fi na ranar kasuwa. Na buɗe akwatin kayana, anka dudduba gashi da zare da ledar alawa mai walƙiya da nake yankawa siri-siri. Wani tsoho har ya sansana. Na yi bayani iyakar iyawata. Dogo ya ce baki kowa na da shi, a gwada. Sarkin Ruwa ya yanke haka: gobe Alhamis in ɗaure ƙugiya guda a gaban kowa, da ruwa a guntse a bakina don kada a ce na tofa wani abu. Ta kwana wurinshi. Ranar Asabar Dogo shi shiga jirgi da ita, tare da dattijo Khamis mai tuƙi a matsayin shaida, daga hantsi zuwa kiran azahar. Ni in tsaya tudu. In kifi ya shiga jirgi, sana'a ce, an wanke ni. In bai shiga ba, in fid da jirgina daga ruwa, tun daga gada har Madécali.

Na amsa, don ban ga wata ƙofa ba. Sai da na iso gida na gane nauyin abin. Mutumin da ya fi kowa son in faɗi, shi ne za shi riƙe igiyar.

Kuma ga abin da ya fi damuna. Ruwa shina juyawa. Jan ruwan damina ya fara kwantawa, na tsoma hannu har gwiwar hannu ina ganin yatsuna. In ruwa ya yi laka, baƙar ƙugiya mai kauri da ɗan ja a wuya kifi ke gani. In ya tace, sai fara siririya mai ɗigon zabo a gefe. Wadda ta dace da ɗaya ba ta aiki a ɗayan, guda kuwa anka ba ni. Na shimfiɗa gashin duka a kan tabarmarki, ina ɗauka ina ajewa kamar wanda bai taɓa ɗaure ƙugiya ba.

Ki yi mini addu'a. Ki ci abinci ko ba ki so.

Naki har kullum,
Abdulwasi'u


Malanville, Juma'a

Rauda,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kin tashi lafiya. Habibou na jira a ƙofa, ba zan tsawaita ba.

Na ɗaure ta. Fara na zaɓa, da gashin wutsiyar akuya a ciki, gashin zabon da kinka aiko a gefe biyu, da ɗan walƙiya kaɗan. Ja kuwa ko sili ban sa ba, don na ga yadda idanunsu ke bin jan gashin da ke cikin akwatin. Zare ya tsinke mini sau da yawa, ruwan da ke bakina ya yi ɗumi, muƙamuƙina kamar za shi tsage. Da na gama na furzar, Sarkin Ruwa ya naɗe ta a tsumma ya sa aljihu. An bar ni na nuna wa Dogo yadda ake sakin igiya ruwa shi tafi da ita, a riƙa fizgowa kaɗan-kaɗan. Ko kallona bai yi ba.

Bayan la'asar hadari ya haɗu daga kudu, wajenku. Na san kun sha shi. Da safen nan na sauka mashaya na iske Sota, rafin nan da ke faɗawa gulbi, ta zubo da laka, gefenmu duka ya koma ja kamar kunun kanwa. Na tsoma hannu, ban ga ko wuyan hannuna ba.

Rauda, na zaɓi wadda ba ita ba. Ban san abin da zan ce wa Baba ba in na zo bikin suna alhali ba ni da sana'a.

Mijinki,
Abdulwasi'u


Malanville, Lahadi

Zuwa ga uwar ɗakina Rauda,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Yaya jiki, yaya su Inna? Allah shi sauke ki lafiya. Ki zauna ki karanta wagga a hankali, har ƙarshe.

Jiya da hantsi sunka shiga. Ruwan bai canza ba. Dogo ya jefa ƙugiyar kamar mai zubar da shara, ya naɗe igiyar a hannu, ya kishingiɗa shina cin goro. Bai fizga ba ko sau ɗaya. Mutane na dariya a tudu. Na so in yi magana, Sarkin Ruwa ya ɗaga mini hannu. Haka na tsaya rana na hawa, ina kallon inuwar giginya tana tsukewa.

Khamis ba ya tsayawa wuri ɗaya, tuƙi anka sa shi, shina ta yi. A hankali jirgin ya fita tsakiya, inda jan ruwan Sota ke gogayya da ruwan gulbi mai haske bai gauraya ba. Ladan ya riga ya nufi masallaci. Sai na ga Dogo ya zabura, hannunshi ya miƙe, jirgin ya juya kai da kanshi.

Abin da ya rage mishi shi buɗe yatsu kawai, igiya ta tafi, magana ta ƙare. Ina kallon hannun. Bai buɗe ba. Ya tokare ƙafa a katakon jirgi ya riƙe da hannu biyu, shina yi wa Khamis ihu shi bi. Kifin ya ja su ƙasa har sai da munka bi su da gudu a bakin ruwa, tsofaffi da mata, kowa. Sannan ya taso ya girgiza kai sama da ruwa, baki buɗe, farar ƙugiyar a gefen leɓenshi. Ban taɓa ganin giwan ruwa irinshi ba. Tudu duka ya ɗauki salati.

Dogo ya jawo shi har gefen jirgi. Khamis ya aje filafili ya miƙa hannu. Sai igiyar ta tsinke.

Ana cikin kiran azahar sunka iso gaɓa, jirgi ba kifi. Sarkin Ruwa ya dube ni, na ga bai ji daɗi ba, amma ya fara cewa sharaɗi sharaɗi ne, a gaban kowa anka yi shi. Na sunkuyar da kai. Ina tunanin inda zan kai jirgin.

Sai Dogo ya tako har gabanshi ya buɗe tafukanshi. Igiyar ta yanka su har fari na nunawa, jini na ɗiga a yashi. Ya ce, “Ranka shi daɗe, ni na tsinke shi. Na ja inda ya kamata in saki. Abin nan ba asiri ba ne. Da ta shiga ruwa mai haske, ni da nake saman jirgi ma na ɗauka kawara ce.” Wani daga danginshi ya fara cewa to Latifu fa. Dogo ya juya ya ce abin da ya samu Latifu dorina ce mai jinjiri a bayanta, su sunka matsa mata, shi ya sani tun ranar.

Sarkin Ruwa ya ce jirgina shi zauna inda yake. Wasu ba su ji daɗi ba, na ga sun juya baya sun tafi. Ban sani ba ko gobe matan za su taya kifina.

Ba wanda ya kula da hannun Dogo, sai na ari babur ɗin Habibou na ce shi hau. Ya hau. Munka isa likita. Anka wanke, anka ɗinke, anka naɗe mishi hannu biyu kamar na ɗan dambe. Munka fito munka zauna a bencin ƙofa. Ina jira in ji ko za shi ba ni haƙuri, ina shirya abin da zan amsa. Can sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Daga tudu, yaya ka ga girmanshi?” Na ce ya kai ƙyauren ɗaki. Ya girgiza kai ya ce, “Ya fi.”

Ina nan tafe ranar Talata in Allah ya so. Ki gaida Baba da Inna ƙwarai.

Mijinki mai ƙaunarki,
Abdulwasi'u