Hoton Tato Ba Shi da Bango

Zoriya, Saskatchewan

Zuwa ga ƙanena Myron,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Lesiya da yara. Allah ya ƙara muku lafiya a can Ostareliya, inda kuke shiga zafi mu muna shiga sanyi. Mu nan lafiya lau. An gama girbin alkama kafin ƙanƙara ta sauka, Bohdan ya ce bana ba laifi, ka san kuwa in mijina ya ce ba laifi to rumbu ya cika. Mama tana nan da ƙarfinta, bakinta bai ragu da komai ba, sai dai ido. Na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma likita ya ce da wuya ya kai bazara. Abin da ya sa na zauna rubuta maka ke nan, tunda a waya duk lokacin da na ɗauko maganar sai ka ce layi ba kyau.

Ka ji an soke mazaɓarmu ta Kogin Marten. An raba ta gida uku, mu aka liƙa mu da birni. Don haka aka ce liyafar girbi ta bana a zauren gari ita ce ta bankwana da mazaɓar. Ka tuna yadda zauren yake tun muna yara: duk wanda muka tura majalisar tarayya a Ottawa, in ɗan jam'iyyar ja ne a rataye hotonsa a bangon gabas, in ɗan ta shuɗi ne a bangon yamma, kowa kuma ya ci naman talotalonsa a ƙarƙashin bangon jam'iyyarsa. Suna nan duka. Ga tsoho Halvorsen mai gemu, wakilinmu na farko, wanda ya yi yawon neman ƙuri'a a keken doki. Ga Likita Beaulieu da ake cewa rabin masu zaɓensa shi ya karɓi haihuwarsu. Har Fedak, da bai taɓa buɗe baki a majalisa ba sai don hamma, yana da ƙusarsa. Mahaifinmu Tato kaɗai ne ba shi da bango.

Na kai maganar gaban kwamitin liyafa, kuma Myron, har yau raina a ɓace yake. Kowa a wurin ya san yadda aka yi. 'Yan ja suka zaɓi Tato, gwamnatinsu ta tashi cire layin dogonmu, ya roƙa aka ƙi, sai ya tsallaka wurin 'yan shuɗi a kan alkawarin za a bar layin. Aka bar shi kuwa, alkamar ja da ta shuɗi duk ta bi ta kansa shekara da shekaru. Amma Walter Sorokan ya gyara zama ya ce wai su 'yan shuɗi aronsa suka yi, ba a rataye kayan aro a bangon gado. Uwargida Tkachuk ta 'yan ja ta ce wanda ya fita ta ƙofa da rana tsaka ba zai dawo musu ta taga ba. Na ce jama'a, ana ta kai wa yake ta kaya? Mazaɓar ma babu ita. Sabuwar wakiliyarmu da ta zo daga birni kwanan baya ta zauna inda ta ga kujera, ta dubi hotunan ta tambaya ko tsofaffin limaman cocinmu ne. Duk da haka su bango suke karewa.

Zama na gaba Mama ta ce sai na kai ta. Ta shiga da sandarta, ba ta zauna gabas ba, ba ta zauna yamma ba, ta tsaya a tsakiya. Ta ce tunda mijinta tsallakawa ya yi daga wannan bango zuwa wancan, to wurinsa saman ƙofa ne, kowa ya bi ta ƙarƙashinsa kamar yadda hatsinsa ya bi ta layinsa. Walter ya fara cewa ba a saba haka ba, ta ce masa ya yi mata shiru, ita ta sha share masa majina a coci tun bai san ja ba bai san shuɗi ba. Aka yi dariya, aka yarda. Washegari Bohdan ya hau tsani ya kafa ƙusa.

To ƙusa na nan, hoto kuma yana wurinka. Sauran hotunansa sun tafi a gobarar tsohon gida, kai ma ka sani. Ban manta dalilin da ya sa ka ɗauke shi ranar da za ka tafi ba. Ni na wanke maka jini ranar da yaran makaranta suka karya maka haƙori suna kiranka ɗan mai riga biyu, kuma na ji rantsuwar da ka yi cewa garin nan ba zai sake ganin fuskar Tato ba. Kana da gaskiyarka. Amma kai ka yi tafiyarka da fushinka, mu muka zauna da mutanen nan, Mama tana dafa musu abincin liyafa duk shekara a ƙarƙashin hotunan mazan wasu. Yanzu ba garin kake hukuntawa ba, ita kake hukuntawa, kuma na gaji da neman maka uzuri. Kada ma ka ce za ka ɗauka a waya ka turo a wanke. Na gwada mata wannan, ta ce shi take so, mai tsagar nan a kusurwar katako, wanda hannunta ya sani.

Liyafa ƙarshen wata mai zuwa ce. In ba za ka zo ba, ka naɗe shi da kyau ka sa a jirgi, ba na roƙonka fiye da haka.

Ka gaishe da Lesiya, da Danylo da 'yar auta Kalyna. Bohdan da inna Pawlina suna gaishe ku. Mama ma tana gaisuwa. Duk Lahadi in an tashi daga coci sai ta sa na biya da ita zauren, ta tsaya bakin ƙofa ta ɗaga kai. Lahadin da ta wuce ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni ko an rataye. Da na ce mata eh, da ta yarda, don ba ta iya bambancewa yanzu. Na ce mata ƙusa ce kawai. Ta ce ba komai, Myron zai aiko, yaron nan bai taɓa ba ta kunya ba.

Yayarka mai jiran amsa,
Orysia